Gani ya kori ji, amma bai koya wa hannu aiki ba

Wata Alhamis da la'asar sakaliya, wani abokin aikina da ya girme ni da kusan shekara 10 ya shigo biro ɗina, ya turo ƙofa, ya tsaya jim kamar wanda ya zo neman bashi. A hannunsa akwai takardar shaida mai launi, an manne ta cikin leda don kada ta yi datti. Ta nuna ya kammala kwas na wata 3 ta intanet a kan aiki da kwamfuta. Da albashinsa ya biya, kuma duk tsawon lokacin ya ƙaurace wa fadar shayinsu ta bayan isha'i. Ga shi yau shugaba ya ce ya haɗa jadawalin kuɗin da aka kashe cikin wata 6, ya wuni yana fama abu ya ƙi.

"Ƙanena, ka rufa mini asiri," in ji shi. "Darasin nan sau uku na kalle shi. Mutumin ya rubuta SUM, jimla ta fito. Ni na rubuta, na'urar ta ce ba ta san zancen ba."

Na ce, "Yaya, ku zauna mu gani."

Ba mu yi minti 5 ba muka gano bakin zaren. Mai bidiyon da Excel na Ingilishi yake koyarwa, wato manhajar haɗa jadawali da lissafi, kwamfutar ofishinmu kuwa ta Faransanci ce. A wurinta SOMME ake rubutawa. Inda wancan yake sa waƙafi tsakanin sassan umarni, tamu waƙafi mai ɗigo take so. Inda yake rubuta 2.5, tamu 2,5 ta sani. Yaya bai yi lalaci ba, kansa kuma ba ya da nauyi. Cikin wata 3 ɗin nan babu mahaluƙi ɗaya da ya leƙa allon kwamfutarsa ya ce masa ga inda ka kuskure.

Tun ranar nake juya maganar nan a raina, kuma ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya. Koya wa babban mutum mai aiki da iyali fasahar kwamfuta ta intanet abu ne mai yiwuwa a Damagaram, wato Zinder, muna ma da buƙatarsa matuƙa. Sai dai yawancin abin da ake sayar mana da wannan suna kallo ne kawai. Kwas ɗin da bai sa hannun mai koyo a kan na'ura ba, bai ɗauki aikinsa na yau da kullum ya mai da shi darasi ba, bai kuma ajiye masa mutumin da zai duba ya gyara ba, bai cancanci dala ɗaya daga aljihun ma'aikaci ko daga baitulmali ba.

A duba su wa ake magana a kansu. Ma'aikaciyar likita ce da ake jira ta shigar da rahoton wata cikin DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman lafiya da ita. Mushen lakwal ne mai ɗalibai cike da aji, yana lissafa makinsu ɗaya bayan ɗaya da ƴar na'urar lissafi. Ɗan kasuwa ne a Dole wanda yake saro kaya daga Kano da naira ya sayar da sefa, canji yana motsi, shi kuma littafinsa yana cikin kai. Matashi ne da wata ƙungiya ta ɗauka ta miƙa masa waya mai KoboCollect ta ce ya shiga ƙauyuka ya cike tambayoyi. Babu ɗaya cikinsu da yake neman zama injiniya. Kowa akwai wani aiki takamaimai da yake ci masa tuwo a ƙwarya, shi yake so ya iya kafin Litinin.

Lokacinsu kuma a ƙidaye yake. Mutum ya taso daga aiki, ya biya cefane, ya tarar famfo bai kawo ba sai an nemi mai ga-ruwa, ga gaisuwar rasuwa a Birni, ga suna gobe a Zangon. In mace ce, sai a ƙara tukunya da wankan yara. Abin da ya rage awa ɗaya ce bayan isha'i, a tsakar gida, a kan waya mai tsagaggen gilashi, cikin zafin Afrilu da Mayu da ko tunani ba ya son motsi. Wanda ya tsara darasi yana zaune cikin sanyin na'ura a wata ƙasa, yana zaton mai kallonsa na da tebur da kwamfuta da shiru, da wani yake magana, ba da mutumin nan ba.

Kuma kada a ce matsalar ta talaucinmu ce kaɗai. A shekarar 2012 aka buɗe shafukan karatu ta intanet na Coursera da edX a Amurka, aka yi ta shelar cewa ilimin manyan jami'o'i ya zama kyauta ga duk mai intanet. A 2019 mujallar Science ta buga wani nazari a kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard da ke kan edX. Ya nuna a zangon karatu na 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 ne kacal cikin 100 da suka shiga suka kai ƙarshe, kuma akasarin masu shigar daga ƙasashe masu arziki suke. Mutanen da wuta ba ta ɗauke musu, intanet ba ya yanke musu, su ma sun watse da aka bar su su kaɗai da bidiyo. Ina ga wanda sai ya zaɓa tsakanin sayen giga da sayen mai a babur?

Abin da yake ba ni mamaki shi ne mun riga mun san yadda ake koyar da manya masu sana'a, tun kafin Nasara ya kafa bariki a kan duwatsun garin nan. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san karatun zaure. Bayan asuba ko tsakanin magariba da isha'i, tela da mahauci da ɗan kasuwa da dogarin sarki sukan zauna gaban malam, kowa da littafinsa. Wannan yana farkon ƙaramin littafi, wancan ya yi shekaru ya kai manya. In layi ya zo kanka ka karanta da bakinka, malam ya fassara da Hausa, in ka karya wasali ya tsayar da kai nan take. In fatauci ya ɗauke ka wata biyu, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya, ba wanda zai ce zango ya wuce ka. Ba a raba takardar shaida, amma unguwa ta san wanda ya iya. Haka a garejin kanikawa, haka wajen dukawa da majema: yaro yana kallo na ɗan lokaci, sannan a miƙa masa abin aiki, ya ɓata, a yi masa faɗa, ya sake. Ban taɓa jin wanda ya iya ɗinkin jaka don ya kalli baduku na wata 3 ba. Amma da aka zo kan kwamfuta, sai muka yarda cewa kallo ya isa, wataƙila don abin ya zo da Faransanci da Ingilishi muka ji nauyin tambaya.

Na farkon abin da ake ɓoyewa a tallan kwasa-kwasan nan shi ne waya ba kwamfuta ba ce. Da yawa cikin masu biyan kuɗin ba su da kwamfuta a gida, ta ofis kuma ɗaya ce, tana ɗakin shugaba ko hannun sakatare. Sai mutum ya kalli darasin Excel a waya, ya amsa tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu a waya, a turo masa takarda a waya. Ranar da ya zauna gaban na'urar gaske, linzamin ma gudu yake masa a hannu. Danna sau biyu da sauri, abin da yaro ɗan shekara 8 yake yi ba tunani, na ga dattijo mai digiri yana gumi a kansa. Ga kuma rikicin allon rubutu. Kwamfutocin da suka zo ta hannun ƴan Faransanci jerin AZERTY gare su, waɗanda aka saro daga Kano QWERTY. A na wannan tana inda Q na wancan yake. A kan AZERTY sai ka danne wani maɓalli kafin lambobin sama su fito, alamar @ kuwa kowanne da inda ya ɓoye ta. Mutum ya ajiye takarda ya rasa inda ta shige. Ya kai kile ɗinsa, ƴar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, shagon buga takardu, ya dawo ya tarar ƙwayar cuta ta mai da duk fayilolinsa gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Waɗannan su ne abubuwan da suke kayar da mai koyo a nan, kuma babu bidiyon da aka ɗauka a Faransa ko Indiya da zai hango su.

Ƙasashen da suka ɗauki karatun nesa da gaske sun gane haka. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, amma ba ta tsaya ga shafi ba, ta gina ɗakunan karatu masu kwamfuta da intanet a garuruwa, inda ɗalibi zai je ya zauna ya yi aiki ya haɗu da ƴan uwansa. Buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya, NOUN, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har da Kano da Katsina da ke kusa da mu. Ta Ingila da aka kafa a 1969, wadda da yawa suka kwaikwaya, tun farko ta haɗa kowane ɗalibi da malamin da yake karanta aikinsa ya mayar masa da gyara. Ashe ko Turawan da suka ƙirƙiro abin ba su yarda su bar mutum shi da allo ba.

A Zinder ba sai an yi sabon gini ba. Akwai Jami'ar André Salifou, akwai manyan makarantun sakandare, akwai gidajen matasa, akwai shagunan intanet da kasuwarsu ta mutu tun da waya ta shiga kowane aljihu. Ɗakunan da suke da na'urori a irin waɗannan wurare, da yamma da ranakun hutu galibi kulle suke, daidai lokacin da ma'aikaci yake da sarari. A buɗe su daga bayan magariba da safiyar Asabar, a ware wa mata lokacinsu da rana, a sa faranti mai zuƙar hasken rana da batir. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, aka shafe watanni har cikin 2024 kafin ta dawo, kuma mu nan gabas da layinmu daga can yake zuwa mun ji a jikinmu. Duk tsarin karatun da ya dogara da kuran kaɗai, a kan rairayi aka gina shi.

Ana yawan ce mini in yi haƙuri, intanet na gyaruwa. Gaskiya ne. Aikin shimfiɗa wayar gilashi ta intanet da Bankin Raya Afirka ya tallafa wa ya haɗa da layin Zinder zuwa Magarya har iyakar Najeriya, Starlink kuma ya fara aiki a ƙasar a 2025. Ina murna. Amma da rezo ya fi haka ƙarfi sau goma, Yaya zai kalli bidiyonsa ne ba tsinkewa, ya rubuta SUM, na'ura ta sake ƙi.

Kada a ɗauka ina kiran a koma aji da alli. Intanet ɗin yana da ranar da ba abin da zai yi ta. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a cikin bas, kuma shekara da shekaru duk wani horo mai ma'ana can ake yin sa, wanda shugaba yake so shi ke zuwa. Ma'aikaci a Gure ko Tanut ko Matamai, ko a nan Zinder aka shirya abu, sai ya bar aikinsa ya nemi masauki. Matar aure mai goyo ba ta ma cikin lissafi. Darasin da ya iske mutum a wayarsa ya rushe wannan shinge. Ga shi kuma babba ba ya son a ga gazawarsa gaban yara. A aji in bai gane ba zai gyaɗa kai ya yi shiru, amma bidiyo zai maimaita shi sau 7 ba wanda ya sani. Bayani ya zo ta waya, aiki a yi shi a kan na'ura, gyara ya biyo ta bakin mutum. Na ga hakan ya yi aiki da idona, a kan WhatsApp kawai: gajeren bidiyo na minti 4 da za a sauke sau ɗaya, aiki ɗaya tak, mai koyo ya ɗauki hoton allonsa ya turo, a mayar masa da murya. Muryar minti 5 ba ta kai mega 1 ba, alhali awa ɗaya ta Zoom da kyamara a buɗe tana iya lashe kusan giga guda. Duk da haka masu shirya horo sun fi son Zoom, ina jin don ya fi kyau a hoton rahoto.

Batun harshe ma a nan yake. Kundin tsarin tafiyar da ƙasar Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wasu sun ɗauka wannan na nufin sai an zauna an fassara kowane maɓalli kafin a fara koyarwa. Ni ban ga dalilin jira ba. Bakanike a garejin Sabon Gari yana cewa bujiya da karbirato, yana kuma bayanin yadda suke aiki da Hausa tsantsa, yaransa suna ganewa. A bar Fichier da Enregistrer yadda suke a allo, tunda su mutum zai gani a ofis, a nuna masa takwarorinsu na Ingilishi, amma bayanin me ya sa da yaya a yi shi da harshen da yake tunani da shi. A kuma koya masa sa allon rubutun Hausa a waya, ya iya buga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Abin kunya ne harshen ƙasa ya zama ma'aikacin ƙasa ba ya iya bambanta baki da baƙi a rubuce.

Inda na san za a ja da ni shi ne kuɗi. Bidiyo ɗaya zai isa mutum dubu, mai gyara kuwa in ya riƙe mutum 25 ya yi ƙoƙari, kuma sai an biya shi. Haka ne, hanyar da nake faɗa ta fi tsada a kan kowane kai, ba kuma za ta ba da manyan alƙaluman da ake so a karanta a taro ba. Amma kuɗin akwai su, muna ganin inda suke tafiya. Wa bai san bitar kwana 3 a otal ba? A buga kyalle, a yi jawabin buɗewa har sha ɗaya, a sha kofi, a haska rubutu a bango, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto. Na halarci wata irinta a kan aiki da kwamfuta inda kwamfuta ɗaya ce a zauren, ta mai gabatarwa. Na karɓi ambulan ɗina kamar kowa, ban ce na fi kowa tsarki ba. Abin da aka kashe a kwana 3 ɗin nan zai riƙe matasa biyu ko uku cikin waɗanda suka gama jami'a suke zaune a fada, su yi watanni suna duba aikin manya da dare. Ga aikin yi, ga ilimi ya zauna. Mutum 40 da suka iya sun fi mini 1000 da aka rubuta sunayensu.

Su ma shugabannin ma'aikatu da rabonsu a laifin. Ana tura mutum ya koyo, ba a rage masa ko awa ɗaya ta aiki ba, in ya dawo kuma ba a ba shi na'urar da zai taɓa. Bayan wata 2 abin ya bi iska. In ofis na son ma'aikacinsa ya iya, ya ba shi awa 2 a mako cikin lokacin aiki, ya kuma ba shi aikin gaske na ofishin ya koya a kansa: jerin albashi, lissafin magungunan da suka rage, wasiƙar da za a aika wa gwamna. Sannan darasin farko, kafin Word da Excel, ya zama na tsare kai. Kalmar sirri ba shekarar haihuwa ba ce. Lambar da aka turo maka a waya ba a karanta wa wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Aiki mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu. Mutanen da suka yi asarar kuɗin wayarsu ta wannan hanya, kowa a garin nan ya san aƙalla ɗaya.

Takardar shaida kuwa, lokaci ya yi da za a daina yi mata kallon layar tsari. Tun da ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, ya fito a ƙarshen 2022, duk jarrabawar da ake yi daga gida ba mai gani ta zama wasan yara, ɗan mutum ma zai amsa masa yana cin tuwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce ya iya, a zaunar da shi gaban na'ura, a miƙa masa tarin rasiɗai, a ce nan da rabin awa muna son jadawali da jimla, a buga a takarda. In ya yi, a sa hannu. Mai ɗaukar ma'aikata ma ya yi haka maimakon ƙirga takardu masu leda. Masu sayar da kwas kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka biya, tambaye su wa zai duba aikinka, cikin kwana nawa zai amsa, a kan wace na'ura za ka gwada. In aka fara kame-kame, riƙe jikkunanka.

Yaya dai ya haɗa jadawalinsa a daren nan, shugaba bai san an yi gumi ba. Daga nan muka mai da safiyar Asabar lokacinmu, ya jawo wasu mutum uku, ɗaya hajiya ce mai sayar da atamfa wadda take son sanin wa da wa take bi bashi. Kwamfuta biyu gare mu, ana karɓa-karɓa. Sauran kwanakin mako sai ta waya. Shekaranjiya wajen ƙarfe 11 na dare muryarsa ta shigo: "Ƙanena, ka yi barci? Kwanan watan da na rubuta ya rikiɗe ya koma wata lamba, dubu arba'in da wani abu. Ko cutar nan ce ta kile?" Na ce ba cuta ba ce, Excel haka yake ƙirga kwanaki a cikinsa, ɗakin jadawalin da kwanan watan yake ciki ne aka sauya wa tsari. Na ce su ɗauki hoton allon su turo mini, in nuna musu inda za su danna.